Hawan Farkon da Na Ƙi Yi

Abin da nake so a ce ban aikata ba a rayuwata bai fi tsawon kamu shida ba. Katako ne guda ɗaya na rimi, wanda na kafa a cikin jirgin abokina Sahabi, na shafe shi da kwalta don kada ido ya gane shi. Shekara talatin da 'yan kai ke nan. Sunana Umaru, kafintan jirgin ruwa ne ni a wani ƙauye na bakin gulbi, yamma da Gummi. Karatuna bai wuce aji huɗu na firamare da allon zaure ba, saboda haka wanda ya ga gargada a rubutun nan ya yi haƙuri.

A sana'armu, cikin jirgi da itacen maɗaci ake yin sa, ko na kawo, domin su ne ke riƙe ƙusa. Rimi laushi gare shi, yana shan ruwa, ƙusa tana zama a jikinsa kamar haƙori a bakin tsoho. A daminar waccan shekarar gulbi ya cika da wuri, gonakin mutane duk suna ƙetare, tsohon jirgin fito kuma ya ruɓe. Sahabi shi ne mai fiton garinmu. A ƙofar masallaci, a gaban jama'a, na yi masa alkawarin sabon jirgi ranar Asabar. Ana saura kwana biyu, katakon maɗaci na ƙarshe ya tsage a hannuna, ga shi ruwa ya yanke hanyar kasuwar katako. Da na nemi ƙarin mako guda, da an ba ni. Amma a lokacin ana cewa maganar Umaru ba ta faɗuwa ƙasa, ni kuwa ina jin daɗin hakan. Na ce a raina rimi zai kai kaka, in ruwa ya janye in sauya shi ba wanda ya sani.

Muna da al'ada da muka gada. Ranar da sabon jirgi zai fara ƙetare gulbi, wanda ya ƙera shi ne ke fara shiga, ya zauna a tsakiya a kan aikin hannunsa. Hawan farko muke ce mata. Ran nan na lulluɓa da bargo na ce zazzaɓi ya kama ni. Sahabi ya leƙo ɗakina da filafilinsa na tuƙi a kafaɗa.

"Kwanta abinka, gwani," in ji shi. "Jirginka ai ba shi son mai gadi."

A tsakiyar gulbi, ɗauke da mutanen gari, jirgin ya bugi wani kututture da ruwa ya ɓoye, irin bugun da maɗaci zai shanye ya wuce. Rimin ya buɗe, jirgin ya nutse. Kaɗan ne suka fita daga ruwan, kuma babu Sahabi a cikinsu. Jirgin ma ambaliya ta tafi da shi, ba a ga ko ɓallinsa ba. Gari ya ce kwaɗayin Sahabi ne, ya cika lodi. Da Sarkin Ruwa ya kira ni ya tambaye ni game da aikin, na ce masa, "Lafiya lau ya bar hannuna."

Sahabi ya bar ɗa guda, Nasiru, yana goye a bayan mahaifiyarsa Kulu. Ni na riƙe shi, na sa shi makaranta, gari yana ta yabona da riƙon amana. Ya karanta aikin jinya, daga baya ya samu aiki a wani gari na ƙasar Turawa da ake kira Belfast, inda yake kula da tsofaffi. Bayan 'ya'ya mata biyu, matarsa Asma'u, 'yar Bukkuyum, ta samu cikin namiji. Nasiru ya yi mini takardu ya ce lalle in zo suna. Inna Kulu ta riga ta rasu, ni kaɗai ne babba da ya rage masa.

A Abuja na kwana biyu ina jiran ranar tashi. An ce mini ƙasar da zan je sanyinta na shiga ƙashi, sai na shiga kasuwa neman kwat. Wani mai shago ya kama hannuna kamar ya san ni.

"Alhaji, wannan ita Turawa da kansu ke sawa cikin ƙanƙara. Taɓa ka ji kauri."

Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ban gyara masa ba. Na taɓa, na ji kauri, na saya.

A jirgin sama an ba ni kujerar taga. Mun daɗe muna bin yashi, sannan yashi ya ƙare ruwa ya fara. Ni mutumin gulbi ne, duk ruwan da na sani yana da ƙetare, in ka tsaya a wannan gaɓa kana hango itatuwan waccan. Wannan ba shi da ƙetare. Na hango wani abu fari ƙarami a kansa kamar ƙwayar shinkafa, wanda ke kusa da ni ya nuna mini da hannu cewa jirgin ruwa ne. Na ja marufin tagar na rufe.

A Landan aka sauke mu don mu sauya jirgi. Ma'aikata suka buɗe jakata. Na yo wa mai jego tsarabar kilishi da daddawa da kanwa. Kilishin suka ɗauke, suka ce nama ba ya shiga. Daddawar wani ya shinshina ya kawar da kai. Kanwar ce ta fi ba su wahala, suka yi ta juya ta suna kiran juna, har na kama cikina na yi alamar sha, sannan suka mayar mini. Daga nan na ɓata. Wurin kamar gari ne da aka yi wa rufi, ga matakala na tafiya da kanta, ga dubban mutane na wucewa ba mai kallon wani. Na nuna wa mutum uku takardar da Nasiru ya rubuta mini, kowa ya nuna mini wata hanya dabam. Azahar ta wuce, la'asar ta kawo jiki, ban san gabas ba. Na zauna a kan jakata kusa da wani bango.

"Baba, kana neman wani abu?"

Wata mata ce mai shara, da tsintsiyarta mai dogon hannu. Hausarta irin ta zangon Kumasi ce, tana da wani lanƙwasa, amma a kunnena ran nan ta fi komai daɗi. Ta jingine tsintsiyar, ta kai ni ɗakin salla, ta jira na idar, ta ba ni burodin da ta zo da shi don kanta, ta raka ni har ƙofar jirgina.

"Ka yi mini addu'a, Baba. Addu'ar matafiyi ba ta faɗuwa."

Na yi mata, ko da yake ban san ko irina ana karɓar tasu ba. Ban tambayi sunanta ba, abin yana damuna har yau.

Ana ruwa muka sauka Belfast, wani siririn ruwa mai sanyi da ba ya tsawa ba ya ɗaukewa. Kafin mu kai inda Nasiru ya ajiye mota, kwat ɗina ta jiƙe ta yi nauyi, ɗinkin hammata ya buɗe, sai ga tsofaffin jaridu suna zubowa a dunƙule. Su ne kaurin da na taɓa. Nasiru ya yi dariya har ya riƙe ƙofar mota.

"Baba, labarai kas sayo muna?"

Na buɗe baki zan tsine wa mai shagon, sai na tuna ko ni wane ne, na fasa. Nasiru ya tuɓe tasa ya sa mini.

A hanya na ga wasu ƙarafa biyu rawaya, kowanne ya fi duk wata hasumiya da na taɓa gani, sun tsaya a bakin ruwa da ƙafafu a buɗe, suna kallon gari. Nasiru ya ce na ɗaga ƙarfen jirgi ne, a da garin nan ba abin da ya sani sai ƙera jiragen ruwa. Ban ga mutum ko ɗaya a kusa da su ba.

Asma'u ta haihu kwana ɗaya kafin isowata. Na same ta a falo da jaririn a cinya. Ta rusuna ta gaishe ni, ta karɓi kanwar da murna, sannan ta ce, "Baba, ni dai na shiga uku. Ɗana guda namiji, kuma ba ni da bakin kiran sunanai. Sai dai in riƙa cewa Baba Ƙarami."

Na dubi Nasiru. Ya sunkuyar da kai yana murmushi.

"So na yi sai ranar suna ka ji, amma ka san mata. Umaru za a sa mishi."

"Sunan mahaifinka fa?"

Murmushin ya tafi. "Baba, sunan nan ya sha zagi. Ni na sha nawa, a makaranta da bakin mashigi. Ɗan mai nutsar da mutane. Ba ni son yaro shi gada. Kai ne uban da na sani."

Asma'u ta miƙo mini jaririn. Na ce hannuna da sanyi, kada in sa masa mura.

Kwanakin da suka biyo baya na yi su a bakin taga. Gidajen layin duk iri ɗaya ne, ja-ja, ƙofofi a rufe. Ba kiran salla sai wanda wayar Nasiru ke yi. Ba akuya, ba mai talla, ba wanda zai ce maka ina kwana. Rana ba ta fitowa sosai, haske ne kawai ke zuwa ya ɗan zauna ya tafi. Na yi kewar fura, na yi kewar ƙamshin laka idan gulbi ya janye. Amma ba kewa ce ta hana ni sakewa ba. Kullum ina ƙirga kwanakin da suka rage a kira sunana a kan jikan Sahabi.

Ana saura kwana biyu suna, Nasiru ya samu hutu. Bayan karin kumallo ya ce in shirya.

"Akwai inda nike son kai ka tun ran da na zo garin ga. Gidan tarihin jiragen ruwa. Gwani kamarka bai kamata shi zo nan shi koma bai gani ba."

Ginin yana bakin ruwa, kusa da ƙarafan nan biyu. An yi shi da siffar goshin jirgi, yana ƙyalli kamar sabon kwano. A hanya Nasiru ya ba ni labarin. Fiye da shekara ɗari da suka wuce, a daidai wurin nan aka ƙera jirgin da ya fi kowane girma a zamaninsa. A tafiyarsa ta farko ya bugi dutsen ƙanƙara a tsakiyar teku ya nutse da mutum fiye da dubu. Na so in ce masa mu koma, amma ba ni da dalilin da zan bayar. Zazzaɓi na riga na yi amfani da shi sau ɗaya.

Ɗakin farko duhu-duhu ne. A jikin bango akwai hotunan tsohon garin, sai ga inuwoyin mutane suna wucewa a kansu, maza da huluna, mata da dogayen riguna, har da kare. Na juya in ga masu inuwar, babu kowa. Nasiru ya ce na'ura ce. Na sani na'ura ce, amma duk wanda aka kwaikwayi inuwarsa a wurin ya daɗe a ƙasa, kuma ga shi yana sauri zai tafi aiki.

Aka hau da mu sama, aka sa mu cikin wani keke mai lilo da ke bi ta tsakanin ƙarafa. Nan na ji ƙarar guduma. Ta ko'ina take zuwa, ɗaruruwa, ga zafin wuta yana bugun fuska, ga muryoyi suna kiran juna, amma ba hannu ko ɗaya da ke riƙe da gudumar. Ni na san wannan ƙarar. Ko a ƙarfe ko a katako, mai aiki yana gane bugun da ya kama da bugun da ya shiga banza. Na sa kunne ina neman wanda ya shiga banza, ban san dalili ba. Bugun ƙusa a rimi wani taushi gare shi, kamar ka bugi kabewa. Shekara talatin ban ji shi ba, a cikin keken nan na ji shi, sau ɗaya, a bayan kunnena na hagu.

Da muka sauka, wani tsohon Bature mai aikin nuna wa baƙi wuri ya tsaya kusa da mu. Ya ga hulata, ya tambayi Nasiru daga ina. Nasiru ya gaya masa, ya ƙara da cewa ni ma maƙerin jirgi ne. Tsohon ya kama hannuna ya juya shi, ya ga kantar da gizago ya bari, ya gyaɗa kai. Ya ce kakansa yana cikin masu buga ƙusoshin wancan jirgin, kuma ya kurumce saboda ƙara. Ya sa mini wata ƙusar ƙarfe a tafin hannu, kaurinta ya kai na taɓarya ƙarama. Sannan ya faɗi wata magana yana 'yar dariya, Nasiru ma ya dara.

"Mi ya ce?"

"Wasan mutanen garin ne. Wai in an yi musu gorin jirgin, sai su ce, ai lafiya lau ya bar nan."

Ƙusar ta faɗi daga hannuna. Tsohon ya sunkuya ya ɗauka, ya ce ba komai.

Muka wuce ɗakunan kwana da aka kwaikwaya. Na masu hali da gado mai labule, na talakawa da gadaje hawa-hawa. An shimfiɗa zannuwa, an jera kofuna, an rataye tawul, kamar masu ɗakin sun fita shan iska yanzu za su dawo. Daga nan hanya ta ƙuntata, haske ya ragu, sanyi ya ƙaru da gangan. Wata 'yar ƙara ce kawai ke tashi, ɗis, ɗis-ɗis, kamar ɗigon ruwa a kwano. Nasiru ya ce saƙon neman agaji ne da jirgin ya yi ta aikawa. Ya karanta mini su ɗaya bayan ɗaya daga bango, kowanne ya fi na baya gajarta, har aka zo inda babu saura. Mutanen da ke tare da mu, waɗanda ɗazu suke ta hira da ɗaukar hoto, duk suka mayar da wayoyinsu aljihu.

Sai bangon sunaye. Kowa an rubuta shi, da wanda ya tsira da wanda bai tsira ba. Ban iya karanta irin sunayensu, amma bakina ya fara karanta wasu, na mutanen jirgin Sahabi. Hassi mai ƙosai da ɗiyarta. Malam Bawa da zai je duba gero. Tagwayen gidan Ɗan Ladi. Ba bangon da aka rubuta su, a cikina kawai suke.

A gaba akwai wani ɗaki da aka yi daɓensa da gilashi. Na duba ƙasa sai na ga jirgin a ƙarƙashin ƙafafuna, kwance a gindin teku, yana wucewa a hankali. Tsatsa ta zubo masa kamar gemu. Ga kwanoni a jere cikin laka, ba su fashe ba. Ga takalmi ƙafa biyu gefe da gefe, yadda ƙafafun mai su suka kwanta. Ashe ruwa ba ya cinye komai. Ashe ana iya sauka bayan shekaru masu yawa, a haska fitila, a ga inda jirgi ya buɗe. Na ja da baya na taka inda ba gilashi.

Nasiru bai lura ba, yana karanta wani allo da hotunan maza a jere.

"Baba, zo ka ga wanga. Irin al'adarku ce. Waɗanda sunka ƙera jirgin sun tura mutanensu cikin tafiyar farko, har da babban da ya zana shi, don su ga yadda aikinsu ke yi. Ba wanda ya dawo cikinsu." Ya girgiza kai. "Inna ta sha ba ni labari. Ta ce ran nan Allah ne ya tsare ka da zazzaɓi. Da kai ma ka tahi, da wa za shi riƙe ni?"

Na kalli fuskokin. Akwai masu gashin baki, akwai matasa. Duk suna kallona, irin kallon mutanen da suka zauna a kan aikin hannunsu.

"Fitar da ni waje," na ce.

A bayan ginin akwai wani fili mai gangara zuwa ruwa, inda aka tura jirgin ranar da aka gama shi. An zana girmansa a ƙasa, an kafa dogayen ƙarafa a jere a gefe, tsakiya kuwa babu komai sai iska. Ruwan nan siriri yana sauka. A nan na tsaya.

"Nasiru, ban yi zazzaɓi ba."

Ya dube ni bai gane ba. Na gaya masa duka, tun daga tsagewar maɗaci har maganar da na yi wa Sarkin Ruwa. Ban rage ba, ban kuma ce ƙaddara ce ba. Na ce lodin mahaifinsa bai wuce na kullum ba, na sani domin ni na auna jirgin.

Da ya yi magana, muryarsa ba ta tashi ba.

"Inna ba ta sake zuwa mashigi ba har ta mutu. Ka sani? In za ta ƙetare sai ta zagaya ta gada, tafiyar wuni, don kar ta haɗu da dangin waɗanda sunka mutu."

"Na sani."

"Kana gani."

"Ina gani."

"Kuma kai ka yi mata salla."

Ya juya ya tafi. Na bi bayansa da ido har ya sha kwanar ginin. Ba ni da waya mai aiki a ƙasar, ban san sunan layinmu ba, ban san hanyar gida ba. Na zauna a kan wani benci a cikin zanen jirgin, wajen tsakiya. Tsuntsayen teku suna kuka kamar jarirai. Ban san iya lokacin da na yi ba, amma sanyi ya bar ƙafafuna ya hau gwiwa. Sai ga tsohon Baturen nan ya fito da lema da kofin shayi. Bai tambaye ni komai ba, ko ya tambaya ma ba zan ji ba. Ya ba ni shayin, ya tsaya ya riƙe lemar a kaina, muna kallon ruwa tare. Da aka kira shi ciki, ya bar mini lemar.

La'asar ta yi sanyi sannan Nasiru ya dawo. Idanunsa sun yi ja.

"Tashi mu tahi. Ruwa na dukanka."

Bai ce Baba ba.

Washegari gidan ya yi shiru. Asma'u ta kawo mini abinci ta gaishe ni yadda ta saba, amma ba ta ƙara wasan Baba Ƙarami ba, na gane ya gaya mata. Na haɗa jakata na ajiye a bayan ƙofa ko za a ce in tafi. Ba wanda ya ce.

Ranar suna mutane kamar ashirin suka taru a falo da safe, 'yan ƙasarmu da ke aiki a garin, da wani limami mutumin Sudan. An kawo dabino da goro. Na zauna a can gefe. Da lokaci ya yi, liman ya dubi Nasiru yana jiran a raɗa masa suna. Nasiru ya taso ya durƙusa kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"A garinmu babba ke faɗa wa liman suna. Ba ni da babba sai kai. Tashi ka faɗa."

"Wane suna?"

"Ka san wanda ya dace. Kuma ba raɗa nike so ba. Kowa shi ji."

Na tashi. Tun ranar da gulbi ya ɗauke shi ban ƙara kiran sunan abokina a cikin taro ba, sai dai in ce marigayi. Na ce, "Sunan yaro Sahabi. Sunan kakansa ne, mai fiton garinmu. An ce shi ya nutsar da mutane. Ba shi ba ne, ni ne, ni na ƙera jirgin da ruɓaɓɓen aiki na ɓoye."

Waɗanda ke jin Hausa suka sunkuyar da kai. Liman bai ji abin da na ce ba sai sunan, ya ɗaga hannu ya yi addu'a, aka shafa. Aka fito da jaririn, Nasiru ya karɓe shi ya sa mini a hannu ba tare da ya tambaye ni ba. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

A filin jirgi, ranar komawata, na roƙe shi gafara. Ya ce nasa kason zai yi ƙoƙari, amma in ba shi lokaci. Ya ce sauran ba a hannunsa yake ba, yana hannun mutanen da har yau suke tofar da yawu in an ambaci mahaifinsa.

Na dawo gida. Juma'ar farko, bayan an sallame, na tsaya a ƙofar masallacin da na yi alkawarin jirgi, na maimaita abin da na faɗa a falon Nasiru. Wasu sun tashi sun tafi. Ɗan Malam Bawa, wanda yanzu shi ma ya yi furfura, ya tsaya a gabana ya daɗe yana kallona, sannan ya ce zai je ya nemi kabarin Inna Kulu ya yi mata addu'a, domin ya taɓa hana matarsa gaishe ta. Bai ƙara yi mini magana ba har yau, kuma yana da gaskiya.

Ina roƙon wanda ya karanta wannan, kowace irin sana'a yake yi: idan aiki ya lalace a hannunka, ka faɗa tun mutane suna kan tudu, ko da za a yi maka dariya a ƙofar masallaci. In kuma ka riga ka yi irin nawa, kada ka bar wanda ba ya iya magana ya ɗaukar maka laifin. Ni na bar Sahabi ya ɗauka shekara talatin, kuma Inna Kulu ta mutu ba ta ji an wanke mijinta ba.